Lagwanin da ya bushe

Talata, tsakiyar hunturu.

Da ƙarfe tara na safe na kai 'yan aji biyu bayan ofis, inda akwatin awon yanayi yake. Farin akwatin katako ne mai tsaga-tsaga, a kan ƙafafu huɗu, ƙofarsa daidai ƙirjina. Iska na ratsa shi amma rana ba ta shiga, don in ta bugi ma'auni to zafinta za a karanta, ba na iska ba.

Ma'aunin da ke riƙe sanyin dare ya tsaya a digiri 12. Ba wanda ya yi mamaki, kowa ya ji a jikinsa wajen alwalar asuba.

Sai tagwayen ma'aunan danshi, wato ma'aunan zafi biyu da tazararsu ke nuna danshin iska: ɗaya a sake, ɗaya an naɗe gindinsa da ƙyalle, lagwani ya sauka cikin 'yar kwalbar ruwa. Monita ya karanta 20 da 20, ya duba jadawali, ya ce, "Malam, danshi ɗari bisa ɗari." Na ce ya taɓa leɓensa. Duk ya tsage. Wata yarinya ta leƙa ta ce, "Malam, ai kwalbar ba ruwa."

Gaskiyarta. Tun Alhamis ban duba ba, iska ta shanye ruwan, ƙyallen ya bushe ƙamas, ga ƙura. Abin ya dame ni ƙwarai, don jiya ma mun rubuta awo a haka.

Muka wanke ƙyallen, muka cika kwalbar, muka rufe akwatin. Kafin ya daidaita na tambaye su me ya sa ruwan randa ke yin sanyi ƙarara a wannan lokaci. Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta kwashe shi, ya tafi da zafi. Aikin lagwanin ke nan: iyakar bushewar iska, iyakar saukar jiƙaƙƙen ma'aunin. Bayan minti 20 ya sauko 10. Tazarar digiri 10, danshi bai kai kashi 25 cikin 100 ba.

Kibiyar iska na nuna arewa maso gabas, wato inda iskar ta fito, ba inda ta nufa ba. Nan yara ke yawan ruɗewa. Can ne wajen kwarin Bodele na Chadi, inda yawancin wannan hazon ke tasowa. Kofuna ukun da ke auna gudunta kuwa sai juyi suke, ba tsayawa.

Da na koma ofis na ja layi a kan awon Litinin, na rubuta a gefe: lagwani a bushe.