Taswira ta yi kyau, ruwa bai yi sanyi ba

Ni ɗan tudu ne, ban ga teku ba sai da na girma. Ga shi kuma aikin da aka ba ni a karatun digiri na biyu shi ne in kwatanta gudun ruwan gaɓar Gana a kwamfuta, da manhajar CROCO.

Makonnin farko sun tafi a banza. Ana yanka teku ne gida-gida kamar allon dara, kwamfuta ta riƙa lissafin motsin ruwan kowane gida bayan 'yan mintuna. Ni kuwa don gaggawa na faɗaɗa tazarar lokacin, lissafi ya riƙa watsewa cikin dare, in zo da safe in tarar da shirme.

Da ya tsaya daidai, sai na samu taswira mai launi kamar atamfa. Na kai wa malamata ina fara'a. Ta duba watan Agusta kawai, ta ce, "Ina sanyin?"

Tsakanin Yuli da Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso sama a gaɓar Gana da Kwaddibuwa, zafin saman teku ya sauka ƙasa da digiri 25. Shi ke kawo abincin kifi, lokacin ne kakar masuntan sardin. Kowane mai kwale-kwale a Elmina, garin masunta a gaɓar Gana, ya san da wannan. Tekuna na kwamfuta kuwa ɗumi ƙalau, digiri 27.

Laifin nawa ne, kashi biyu. Gidajen da na yanka sun kai kilomita 25, alhali sanyin a siririn zirin bakin gaɓa yake. Sannan na yi sakaci da iyakar yamma ta taswirar, inda igiyar ruwan Gini, wato babban gudun ruwan tekun da ke bin gaɓar, ke shigowa tana gudu gabas. Na ɗauka iska ce kaɗai ke taso da ruwan sanyin, kamar yadda aka koya mana game da Senegal da Namibiya. A nan gaɓar daga yamma ta miƙe zuwa gabas, iskar ba ta da ƙarfi sosai, shi ya sa masana suka daɗe suna muhawara kan rawar da igiyar Gini da kuma motsin da ke zuwa daga tsakiyar Atilantika ke takawa.

Na ƙanƙanta gidajen, na gyara iyakar, na gwada sakamakon da awon tauraron ɗan'adam da na ma'aunan PIRATA da ke kan teku tun 1997. Lissafin da ke cin kwana biyu ya koma cin sati biyu. Sanyin ya bayyana a gabashin Cape Three Points, wani tsinin ƙasa a gaɓar Gana, amma ya makara da kusan mako uku, kuma a haka na rubuta shi cikin kundin.