Bayan bak sai ina? Yadda na zaɓi jami'a da lokacin da na ajiye dosiye

Ni dai tun muna tarminal a lise na fara wannan lissafin, ban jira sakamako ba, kuma wanda ya sa ni a hanya wani malaminmu ne na lissafi da ya ce mana wata rana, ku yara kuna ta haddar darasi amma ba wanda ya san inda za shi in ya ci. Maganar ta zauna min. Bak D na yi, wato jarrabawar gama lise a ɓangaren kimiyya, kuma kamar kowane ɗan D a Damagaram abin da ke bakina shi ne likita, likita, Yamai. Duk ajinmu haka muke, kai ka ce in ba Jami'ar Abdou Moumouni ba to babu karatu a ƙasar. Ita ce babba kam, tun 1971 take, ba mai musu, amma daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, bas ya tashi da asuba sai dare ka sauka, kuma ba kuɗin mota ba ne kawai, akwai wajen kwana akwai abinci akwai fotokofi na kullum.

Da na zauna da Baba a rumfarsa a kasuwar Dole, abu ɗaya ya tambaye ni. Ya ce in bursu, wato kuɗin tallafin karatu na gwamnati, bai fito da wuri ba wa zai riƙe ka can? Na ce Baba akwai site, wato ɗakunan kwanan ɗalibai, akwai resto na cin abinci. Ya ce in ba ka samu ɗaki ba fa? Shiru na yi don ba mu da kowa a Yamai sai wani ɗan uwan Inna mai iyali da yawa a ɗaki biyu. Wallahi wannan tambayar ta fi min amfani a kan duk shawarwarin da na sha ji, don ita ta sa na daina kallon sunan jami'a na koma kallon inda zan iya rayuwa shekara uku ko fiye ba tare da yunwa ta kore ni ba.

Daga nan na samu takarda na rubuta jami'o'in gwamnati da abin da kowace ta fi ƙarfi a kai. Tamu ta nan gida wadda yanzu ake kira Jami'ar André Salifou, da ta Maraɗi da ta Tawa duk a 2010 suka zama jami'o'i, sannan a 2014 aka ƙaro na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Maraɗi tana da fakilte na noma, Tawa an san ta da shari'a da tattalin arziki, tamu kuma akwai adabi da kimiyyar ɗan Adam, akwai kimiyya da fasaha, akwai fannin lafiya, ga kuma IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a. Na yi mamakin yadda da yawanmu ba mu san ana karatun lafiya a garinmu ba, muna wucewa ta gaban wurin amma hankalinmu na Yamai. Akwai kuma makarantar EMIG a Yamai ga mai son ma'adinai da injiniya, da Jami'ar Musulunci ta Sayi ga ƴan faranko-arab.

Kawuna da ke kasuwanci a Kano ya matsa in zo can, ya ce ai Kano ta fi maka Yamai kusa, ga gida ga abinci. Gaskiya ne ta fi kusa nesa ba kusa ba. Amma da na bincika sai na ga JAMB ɗinsu, wato jarrabawar shiga jami'a a Najeriya, tun farkon shekara ake rajistarsa, mu kuma bak ɗinmu sai damina ta kama, ke nan lokacin ya riga ya wuce ni, ga turancin Ingilishi da zan zauna in koya sosai kafin in iya bin darasi. Na ba shi haƙuri na ce Kawu a bari sai mastar in Allah ya kai mu.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ci min rai in na ga ƙanne na sakaci da ita. Dosiye, wato takardun neman shiga jami'a, ba ranar da sanarwa ta fito ake fara haɗa shi ba. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa da ake karɓa a kotu, hotuna, kofe-kofen da aka buga wa hatimi, duk waɗannan na tanade su tun kafin mu shiga jarrabawa, na sa su cikin wata shemis ta kwali ruwan ɗorawa na ɓoye ƙarƙashin akwatin Inna. Da sakamako ya fito sai rilebe da atestasiyo, wato takardar maki da ta shaidar cin bak, kawai na ƙara. Wani abokina kuwa sai a layin buga hatimi, rana tsaka ana ta zufa, ya lura sunan mahaifinsa a takardar haihuwa daban yake da wanda ke kan rilebe, harafi biyu kacal, kuma an haife shi a wani ƙauye can wajen Magarya, dole ya koma ya nemo gyara. Kafin ya gama zirga-zirga an rufe karɓar dosiyen fannin da yake so. Na ga hawaye a idon yaron nan, yaro mai ƙoƙari da ya fi ni maki. Don Allah ku ɗauko takardunku yau ku jera su ku karanta sunanku harafi bayan harafi, da ranar haihuwa.

Na kuma ajiye dosiye a ANAB, hukumar bursu ta ƙasa, don bursun ƙasashen waje, irin na Maroko da Aljeriya, amma ban tsaya jiransa ba, na yi rajistata a nan gida a lokaci guda. Wasu ƴan ajinmu sun ce su ba za su yi rajista ko'ina ba sai sun ga jerin sunayen waje, in bai yi ba su sake gwadawa baɗi. Ban yarda da wannan ba sam. Guraben kaɗan ne, ana duba maki ana duba shekaru, kuma yawanci bak na shekarar ake so, to wanda ya zauna shekara guda yana shan shayi a fada ya rage wa kansa dama ne ba ƙarawa ya yi ba. Sunana bai fito ba, na ji ba daɗi ƙwarai, amma washegari ina da anfi, wato zauren darasi na jami'a, da zan shiga.

Likitancin ma ban samu ba, makina na kimiyyar halittu bai kai na waɗanda aka ɗauka ba, sai zaɓina na biyu aka ba ni a fakilten kimiyya. Shi ya sa nake cewa zaɓi na biyu da na uku kar a cika su da wasa ko don aboki ya rubuta haka, a nan mutane da yawa ke ƙarewa. Ni kafin in rubuta nawa sai da na nemi ɗaliban da ke shekara ta biyu a fannin na tambaye su me ake koyarwa, ana yin aikin labo ko a allo kawai ake tsayawa, waɗanda suka gama lisans ina suke yanzu. Sun faɗa min mai daɗi da marar daɗi.

Masu tunanin makarantu masu zaman kansu kuwa, akwai na kirki a ciki, amma kafin mahaifinku ya ƙirga jikkunan da ya sha wahalar tarawa ya miƙa, ku tambaya ko gwamnati ta ba su izinin koyar da wannan fannin takamaimai, ko CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance karatun jami'a, ta amince da difulom ɗin, kuma ku ce a nuna muku a rubuce.