Burt Bacharach, mai kiɗan da ya ƙi a yanke masa waƙa

A situdiyon Katsina, mawaƙi zai zo da baitocinsa, mai kiɗa ya ɗora masa a fiyano, a sallame shi, shi ke nan. Waƙa ta zaga gari, ba mai jin sunansa. A Amurka kuwa, wanda ya ƙago karin waƙa yana da haƙƙinsa dabam da na wanda ya rera, duk sanda aka sa ta a rediyo rabonsa na nan. Da wannan Burt Bacharach ya ci abinci.

An haife shi a Kansas City a 1928, ya yi karatun kiɗa a hannun Bafaranshe Darius Milhaud. A 1957 ya haɗu da Hal David a ginin Brill, matattarar marubuta waƙoƙi da ke New York, suka raba aiki: David kalmomi, shi kari da tsarin kayan kiɗa. Murya kuma ta Dionne Warwick ce, wadda da farko gwajin waƙoƙinsu take rera musu kafin ta fito da tata a 1962.

Kiɗan zamani yawanci bugu huɗu-huɗu ne, manhajar kwamfuta ma a haka take buɗewa. Idan baiti ya fi wurin tsawo, mawaƙi ya haɗiye gaɓa. Idan ya gaza, ya ja wasali inda ba a ja. A Hausa wannan ɓarna ce babba, don tsawon wasali da karin sauti su ke rarrabe ma'ana. Bacharach kiɗan yake lanƙwasawa ya bi maganar. Ku saurari "Anyone Who Had a Heart" ta 1963 kuna tafi, za ku ji ƙidayar tana sauka daga biyar zuwa huɗu, hannu ya rikice amma kunne bai ji tuntuɓe ba. Makaɗan kalangun Shata ba za su yi mamaki ba, su ma bakin mawaƙi suke bi.

Kamfanonin waƙa sun sha ce wa Bacharach ya cike jimlar kiɗa mai sashe uku ta zama huɗu. Ya gwada, waƙoƙin suka lalace, sai ya karɓe aikin situdiyo da kansa.

Ya ci kyautar fina-finai ta Oscar guda uku, biyu daga fim ɗin Butch Cassidy and the Sundance Kid na 1969. Fim ɗin Lost Horizon na 1973 kuwa ya faɗi warwas, ya raba shi da David, har da Warwick aka kai ga kotu. Ya rasu a Los Angeles ranar 8 ga Fabrairu, 2023, yana da shekara 94.