Gashin da fumfuna ta huda

Ɗakin gwaje-gwajenmu yana Agege, kuma mafi yawan masu zuwa mana mutanenmu ne na Arewa: mahautan Oko-Oba, 'yan gwarin Mile 12, da iyaye mata masu riƙe da yaran da ƙora ta cinye wa kai. Muna gwajin jini da fitsari kamar kowa, amma aikin da nake tinƙaho da shi shi ne gwajin cututtukan da dangin fumfuna ke haddasawa, waɗanda zafi da gumi da danshin Legas suke yi wa shimfiɗa.

Fumfuna ba ta da baki, ba ta da haƙori. Abin da take yi shi ne ta tsatso wasu sinadarai da ake kira enzayim, su narkar da abin da ta kwanta a kai, sannan ta tsotse romon. Saman fatar mutum da gashinsa da farcensa duk an gina su da wani furotin mai tauri, keratin, wanda ƙwayoyin cuta da yawa ba su iya taɓawa, amma ƙwayoyin makero da ƙora, irin su Trichophyton da Microsporum, suna da enzayim da ke warware shi. Shi ya sa makero yake faɗaɗa kamar zobe, tsakiya na lafawa gefe na ci gaba da ci, kuma shi ya sa ba na kankarar fata daga tsakiya. A bakin zoben nake ɗora reza, in ɗiga ruwan fotash mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari a kan ɓawon, in jira ya yi garau kafin in kai shi ƙarƙashin madubin likita.

Ranar da na yarda har zuciyata cewa fumfuna na warware keratin, malamin da ya koya mini aiki ne ya ba ni 'yan silayen gashin ƙaramin yaro, ya ce in dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyi, in zuba su cikin ruwa tare da ƙwayar da muka shuka. Na yi makonni ina leƙawa ba na ganin komai. Da ya ce, "Yaro, zo ka duba," sai na ga ramuka a jikin gashin, masu faɗin baki da tsinin ƙarshe, kamar an sassare shi da ɗan ƙaramin gizago. Trichophyton mentagrophytes ce ke yin wannan huda, 'yar'uwarta rubrum ba ta yi, kuma da haka ake rarrabe su. Allah ya saka wa wannan dattijo da alheri.

Kowace ƙwaya da irin makaminta, mu kuwa makamin muke bi mu gane mai shi. Candida albicans, wadda ke zaune lafiya a baki da hanji har sai ciwon suga ko raunin garkuwar jiki ya buɗe mata ƙofa, tana da enzayim har 10 na dangi guda masu yanka furotin, ga kuma wani mai fasa kitsen bangon ƙwayoyin jikinmu, wanda idan aka shuka ta a abinci mai gwaiduwar ƙwai yake barin farin da'ira kewaye da ita. Cryptococcus, mai jawo sanƙarau ga masu cutar ƙanjamau, tana fasa yuriya, wani sinadari da ake samu a fitsari, ta mai da abincin gwaji ruwan hoda. Ƙwayar kyasbi kuwa maiƙon fata take ci, ba ta ma tsiro mana sai an ɗiga mata man zaitun.

Duk wannan aikin haƙuri ne, domin shuka a abincin Sabouraud, wato abincin da muke rainon fumfuna a kai, tana ɗaukar mako 2 zuwa 4, kuma a nan ne nake shan fama. Mutum zai shigo ya riga ya shafe wata guda yana shafa man nan mai haɗi uku da ake sayarwa a tire, wanda sinadarin sitiyarod da ke ciki yake kwantar da ƙaiƙayi da ja, ya kuma danne garkuwar fata, ƙwayar ta ci gaba da kiwonta babu mai tsawata mata. Zoben ya ɓace, ɓawon ya yi laushi, babu abin kankara. Wani mahauci da na ce ya ajiye man na mako 2 ya dawo, cewa ya yi, "Haba Malam, a wancan layin yau-yau suke ba da takarda, kuma kuɗinsu bai kai naka ba." Takarda kam suna bayarwa.

Masu kawo mana kaya ma ba su bar ni na huta ba. An taɓa kawo mini garin Sabouraud da danshi ya dunƙule shi kamar sabulu, na mayar, na jira wani, na roƙi masu samfur su yi mini uzuri. Mahaucin nan ya dawo bayan sati 3, cinyoyinsa duk sun yi jawur, zoben ya fito fili. Na kankari gefensa, kuma zaren fumfunar ya cika madubi tun a leƙen farko, na rubuta masa sakamako ya kai wa likitan fata.