Talata da dare, nama da kayan lambu a kasko

Sai ƙarfe bakwai saura na shigo gida yau, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yara sun baje littattafai a falo, autar sai zagaye ni take da "Mama, yunwa." Allah ya taimake ni tun safe na cire naman sa rabin kilo daga firiza na mayar ƙasan firji, don haka ban tsaya tunanin me zan dafa ba.

Na ɗora shinkafa, na juyo kan naman. Da sauran ƙanƙara a cikinsa, shi ya sa wuƙa ta bi shi ba gardama. In ka duba tsoka za ka ga zare-zare a jere. Gicciye ake yanka su, siriri-siriri, ba a bin tsawonsu, in ba haka ba sai an yi ta fama da tauna. Na zuba soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya, cokali biyu, garin sitacin masara cokali ɗaya, ɗanyar citta da tafarnuwa, na cakuɗa na ajiye gefe. Sitacin nan riga yake yi wa nama, yana tsare masa ruwan jikinsa a wuta. Gishiri kuwa ko ƙwaya ban ƙara ba. Soya sos da nasa yake zuwa, kuma tun da na san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, abin da bai cika cokalin shayi ba, na rage hannu sosai.

Karas biyu, tattasai kore da ja, koren wake, albasa, da ɗan kabeji. Yankan nan shi ne ya fi cin lokaci, kuma ba na kunna wuta sai komai ya kammala a gabana, don da zarar kasko ya yi zafi babu damar waiwaye.

Girkin asalinsa na Sinawa ne, su da kaskonsu mai zurfi da suke kira wok. Nawa shimfiɗaɗɗe ne, yana yi, in dai an bar shi ya ɗau zafi da gaske. Mai cokali ɗaya, sai rabin naman, na baza shi na ƙyale shi kamar minti guda kafin in juya. Wannan ƙyalewar na daɗe ban iya ba. Na farko da na gwada duka na juye lokaci ɗaya, kaskon ya huce, naman ya saki ruwa ya koma dahuwa, ya fito fari-fari da tauri. Raina ya ɓaci ranar, don nama ne mai kyau. Yau kam gefensa ya yi ja, ƙamshi ya cika gida har maigida ya leƙo ya ga me ake ciki.

Na kwashe, na soya ragowar. Sai karas da wake tukuna tunda su ne masu tauri, tattasai da albasa su biyo baya, kabeji a ƙarshe. Minti huɗu ya ishe su. Ina son su da ƙaras-ƙaras, launinsu a raye, kuma bitamin C da ke cikin tattasai ba ya jure doguwar dahuwa, musamman a ruwa. Na mayar da naman, na ɗiga ruwa kaɗan, romon ya yi kauri ya kama komai.

Bakwai da rabi muna zaune. Autar da ba ta son dafaffen karas yau ita ke tsince shi da hannu, har da miƙa cokali farantin yayanta. Na yi shiru ina kallonta, gajiyar ta ɗan sake ni.

Ɗan abin da ya rage na rufe a roba don abincin rana a wurin aiki. Kafin in kwanta na yanke karas da wake na jibi na sa a firji.