Riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafi

Ƙaramin ofis nake da shi. Ni da yarana muna riƙe wa masu ƙananan sana'o'i littafin shige da ficen kuɗi, mu haɗa musu takardun haraji idan shekara ta zagayo. Ni akanta ne, ba lauya ba. Sai dai da yawan masu sallama a ƙofata rigima ce ke kawo su, suna so lissafi ya raba musu gardama.

Mutum zai juye mana jaka cike da rasit a kan tebur. Irin na injin nan masu santsi, rubutunsu koɗewa yake yi idan suka sha zafi, sai ka ɗaga takarda ka ga fara fat. Shi ya sa duk rasit ɗin da ya shigo hannunmu a ranar muke ɗaukar hotonsa. Daga nan sai in tambaya: wanne ne kuɗin shago, wanne ne na aljihu? Nan ake yin shiru. An ɗebi kuɗin makarantar yara daga cikin ciniki ba a rubuta ba, an ba da kaya bashi an lissafa shi a riba alhali ko sisi bai shigo ba, ga mai kawo kaya yana jiran nasa. Maganin da muke amfani da shi tsoho ne: kowane kuɗi a rubuta shi wuri biyu, inda ya fito da inda ya shiga, ɓangarorin kuma su yi daidai. Tun 1494 wani masanin lissafi mai suna Luca Pacioli ya buga bayanin wannan tsari a Italiya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne haɗa jari. Aminai biyu, ko wa da ƙane, ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo ƙarfinsa da sanin kasuwa. Ka ce su rubuta, su ce maka, "Haba, ai mu ɗaya ne." Ranar da riba ta yi kauri, ko asara ta faɗo, kowa sai ya tuno maganar yadda ta yi masa daɗi, kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Ba su san cewa inda suka yi shiru doka ce za ta yi magana ba. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ta ce idan babu yarjejeniya riba daidai ake raba ta, ko da jarin wani ya ninka na ɗan'uwansa. Wanda ke wuni a shago ba shi da albashi. Bashin da ɗaya ya ci da sunan sana'ar yana wuyan kowa, har dukiyarsa ta gida ana iya bi. Idan kuma ɗaya ya rasu haɗakar ta watse, sai a zo zama da magada waɗanda ba su ji farkon zancen ba. Na ga marayu sun rasa haƙƙinsu ta wannan hanya, na ga kuma an zargi mai amana da cin amana.

Bashi ma haka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, amma har yanzu mutane na jin nauyin cewa ɗan'uwa ya sa hannu. Nakan tuna wa masu bin bashi cewa kotu ba ta jira har abada. A Ingila shekara 6 ne wa'adin kai ƙarar bashi, sai fa idan wanda ake bi ya biya wani abu ko ya amsa a rubuce, lokacin ne lissafin ke sabunta. Mai tsaya wa wani kuwa ya sani, ranar da wanda ya ci bashin ya gaza, ƙofarsa za a buga.

Duk masu shirin haɗa jari da suka zo min, nakan zaunar da su su faɗi abin da kowa ya zuba, kason kowa a riba da asara, wa ke sa hannu a banki, da yadda za a yi idan wani ya so fita ko ya rasu. In rubuta, in karanta musu a gaban juna, sannan in tura su wurin lauya ya daidaita takardar da dokar ƙasarsu.