Masu rufe gidajen rediyo jiya, su ne masu kukan bita da ƙulli yau

Duk ranar da wata jarida ko gidan rediyo ya taɓo maganar tsohon gwamna Bello Matawalle, kafin a kira la'asar za ka tarar sanarwa ta cika Facebook daga ƙungiyoyin da ba wanda ya san inda ofishinsu yake, suna cewa ana yi wa maigidansu bita da ƙulli, kuma an sayi 'yan jarida don su ɓata masa suna. Ni ban taɓa ɓoye ɓangaren da na tsaya a zaɓen gwamnan Zamfara na 2023 ba, Dauda Lawal na zaɓa, don haka mai karatu yana da damar auna maganata da wannan sikelin. Amma abubuwan da zan ambata sun faru ne a bainar jama'a, kuma mutanen Gusau ba su manta da su ba.

A watan Oktoba na 2022, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, gwamnatin jiha ƙarƙashin Matawalle na APC ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai, cikinsu har da NTA Gusau da Pride FM, waɗanda mallakar gwamnatin tarayya ne, da kuma Gamji da Al'umma TV. Laifin da aka ɗora musu shi ne sun ɗauki rahoton taron PDP alhali gwamnati ta hana tarukan siyasa saboda matsalar tsaro. Hukumar NBC, wadda doka ta ɗora wa alhakin kula da gidajen rediyo da talabijin a ƙasar nan, ta fito ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin yin haka, kuma bayan surutu ya yi yawa aka janye umarnin tare da ba da haƙuri. A 'yan kwanakin nan da gidajen suke rufe, ban ji ko ɗaya daga cikin masu kare 'yancin maigida a yau ya ce an zalunci ɗan jarida ba. Abin da muka riƙa ji a majalisun shayi na Tudun Wada da Sabon Gari shi ne doka ce, kuma wanda ya taka doka dole ya ɗanɗana kuɗarsa.

Haka kuma a lokacin kamfe babu abin da sojojin bakan APC suka fi so kamar tono shari'ar Dauda Lawal da EFCC, wadda ta samo asali tun yana babban darakta a First Bank, inda hukumar ta danganta wasu kuɗi da tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke. Tono wannan magana ba laifi ba ne, domin wanda yake neman amanar jama'a dole ya yarda a buɗe littafinsa. Laifin shi ne yanke labarin a tsakiya. Ba su taɓa gaya wa masu sauraro cewa a watan Maris na 2021 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da ya umarci a mayar masa da kuɗin, sama da naira biliyan 9 ba. A wancan lokaci EFCC hukuma ce mai gaskiya a bakinsu, kuma zarginta kaɗai ya isa hujja.

Sai ga watan Mayu na 2023, hukumar ta fito ta ce tana binciken Matawalle kan zargin karkatar da naira biliyan 70, shi kuma ya musanta, ya mayar da martani cewa shugabanta na lokacin, Abdulrasheed Bawa, ya nemi cin hancin dala miliyan 2 a wurinsa, zargin da Bawa ya ƙaryata. Nan take EFCC ta koma karen farautar maƙiya a bakin mutanen da suke yabonta watanni kaɗan baya. A watan Yuni aka dakatar da Bawa, a watan Agusta aka rantsar da Matawalle a matsayin ƙaramin ministan tsaro. Zargi ba hukunci ba ne, kuma ba ni da ikon cewa wani ya ci ko bai ci ba. Abin da nake da ikon tambaya shi ne, ina aka kwana? Zarge-zarge biyu masu nauyi irin waɗannan, ɗaya kan dukiyar jihar da ma'aikatanta suka sha jiran albashi, ɗaya kan shugaban hukumar da aka kafa don yaƙi da rashawa, ba su kamata su narke kamar gishiri a ruwa ba.

Wannan ɗabi'a ba a Zamfara ta tsaya ba. A 2019 Adams Oshiomhole, yana shugaban APC na ƙasa, ya faɗa a wurin gangami cewa wanda ya shigo jam'iyyarsu an yafe masa zunubansa, mutane suka yi dariya kamar raha ce. Mu a nan mun ga fassararta a aikace. Matawalle ya hau kujera ne a ƙarƙashin PDP bayan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a ranar 24 ga Mayu, 2019, saboda rashin ingantaccen zaɓen fidda gwani, kuma tsawon shekaru biyu 'yan APC ba su bar sunan da ba su kira shi da shi ba kan sulhun da ya yi da 'yan bindiga. Da ya koma cikinsu a watan Yuni na 2021, a hankali bakin ya canza, har aka wayi gari masu zaginsa suna ɗaga hannunsa a dandamali. Mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau, da ya ƙi bin sa, shi ne majalisa ta gano yana da laifuffuka, ta tsige shi a watan Fabrairu na 2022.

Su ma 'yan jarida suna da nasu kason, kuma duk wanda ya taɓa halartar taron manema labarai na ɗan siyasa ya ga yadda ake ƙarewa: ana naɗe wayoyin makirufo, wani hadimi ya tsaya a bakin ƙofa da takardar sunaye, kowa ya sa hannu ya karɓi ambulan da ake kira kuɗin mota. Wakilin da gidansa ya yi watanni bai biya shi ba, da wuya ya koma ya rubuta abin da zai hana a gayyace shi gobe. Filayen siyasa na rediyo kuwa yawancinsu saye ake yi, don haka abin da manomi a Tsafe ko Anka yake ɗauka labari ne, talla ce da aka biya kuɗinta. Waɗanda suka yi ƙoƙarin shiga daji su nuna abin da ke faruwa, su aka hukunta, domin a watan Agusta na 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirin da ta yi game da 'yan bindiga.

Tunda na ce a buɗe littafi, to har da na wanda na zaɓa. Dauda Lawal ya yi alkawarin tsaro, da ya zama gwamna ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma ta jiha, a watan Janairu na 2024, kuma a 2024 ɗin ya fito a talabijin ya zargi Matawalle da hannu a ta'addanci, shi kuma ya musanta. Haƙƙin ɗan jarida ne ya tambaye shi hujjar da ya miƙa wa hukuma, da nawa ake kashewa kan Askarawa, da dalilin da har yanzu wasu ƙauyuka suke biyan 'yan bindiga haraji kafin su girbe gonakinsu. Sashe na 22 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai wannan aikin, kuma sashe na 308 da ya ba gwamna kariya daga gurfana a kotu bai hana a yi masa tambaya ba. Takardun da kowane ɗan takara yake rantsuwa a kansu ya miƙa wa INEC ana lika su don jama'a su duba, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayanan hukumomin tarayya a rubuce. Kafin 2027 ina so in ga gidan rediyo ɗaya a Gusau da zai zaunar da kowane mai neman kujerar gwamna, da takardun nan a kan tebur, a filin da ba shi ya biya kuɗinsa ba.